Ranar da Dada Ta Faɗi Sunansa

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Dada ta kira yayana da sunansa ba. Sunansa Zubairu, amma a bakin mahaifiyarmu shi ne "wancan", ko "mutumin", ranar da ta ji daɗi kuma ta ce "ɗan Hajja". Shi ne ɗanta na fari, ga shi kuma sunan surukinta ya ci, wato kakanmu na wajen uba. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. Mu Fulani ne, ko da yake mun daɗe a Tudun Wada ta Jos har shanun suka ƙare, Fulatancin ma ya sulale ya bar mu. Kunyar ce kaɗai ta ƙi tafiya.

Ana yaye shi Hajja, kakarmu, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, wanda ke kallon na Dada, tsakar gida ce kawai tsakaninsu. A can ya girma. Idan Dada na son ya ci abinci sai ta ce da ni, "Murjanatu, ki gaya wa wancan tuwo na hucewa," alhali yana zaune taku uku daga inda take, kunnuwansa biyu a buɗe. Ni kuma da neman tsokana sai in juya in ce, "Wancan, an ce tuwo na hucewa." Ya kawo mini ranƙwashi, in ruga bayan Dada. Ni ce wayar gidanmu tun kafin waya ta shigo gari.

Zubairu bai rasa gata ba, kada a ce na ce. Hajja ta so shi so na fitar hankali, kuma ita ba ta ɓoyewa. "Angona" take ce masa, tana yi masa kirari idan ya shigo, tana ɓoye masa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo. Da Baba ya rasu ita ta riƙe shi. Da ya fara tuƙa keke napep daga Tudun Wada zuwa kasuwar Taminus, ita ce ke tsayawa a ƙofar gida kowace safiya tana tofa masa addu'a har ya sha kwana. Sai ita ma ta rasu, shekara uku ke nan, ɗakinta ya zama nasa shi kaɗai.

Ba a rufa wata shida ba muka fara ganin canji. Da farko taramol ce, wai don ƙarfin aiki, wai duk 'yan keke suna sha. Daga nan sai maganin tari a cikin robar lemo. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu, idanu kullum jajur, yana magana yana gyangyaɗi. Ni na yi faɗa, na yi kuka, na yi zagi, domin bakina ba ya shiru. Dada kuwa ba ta ce masa uffan ba. Sai dai na lura naman da ke kwanonsa ya ƙaru, nata kwanon kuma ya koma miya zalla.

Wata Talata da tsakar rana jijjiga ta kama shi yana kan tuƙi, irin wadda ƙwayar ke jawowa idan ta yi yawa a jiki. Keken ya hau teburin Madam Ana, mai sayar da dankali da kabeji a bakin mahaɗar unguwarmu, ya karya mata hannu. Da 'yan sanda suka ɗaga kujerar baya suka sami kwalabe huɗu da ƙwayoyi cikin leda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanyar. Abokinsa Adnan an taɓa ɗaure shi shekara ɗaya da rabi a kan kwalaben nan. Ya fito da tarin da har yau bai sake shi ba, ya fito ya san dilolin da bai sani ba a da, babu kuma mai ba shi keke ya ja. Yanzu a bayan tasha yake wuni. Duk lokacin da na wuce shi, fuskar yayana nake gani.

Ranar shari'a Madam Ana ta zo da hannu a naɗe, rataye a wuya. Na ɗauka ta zo ƙara wa wuta fetur ne, har na shirya hararata. Da aka ba ta dama sai ta miƙe ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ban so a kulle shi. In an kulle shi hannuna zai gyara? Wannan yaro shekara huɗu yana kai ni Farin Gada sayen kaya, ko sau ɗaya bai yi mini rashin kunya ba. Ciwo ne yana damunshi. A kai shi inda za a ba shi magani, abeg." Na sunkuyar da kai, na mayar da hararata inda na ɗauko ta.

Mai shari'ar wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta yanke masa shekara biyu a gidan yari, sannan ta ce ta jingine hukuncin bisa sharaɗi. Zai yi wata uku a cibiyar da ake jinyar masu shaye-shaye. Daga nan zai koma gida ya yi wata tara yana zuwa kowane mako ana gwada fitsarinsa, ana zama da shi. Amma sai cibiyar ta je ta ga gidan, ta rubuto wa kotu cewa akwai mai riƙe shi a can. Idan babu, to shekara biyun tana nan tana jiransa. Ni ina gidan mijina a ɗaki ɗaya da yara uku. Gidan da ake nufi gidan Dada ne.

Cibiyar tana kan hanyar Rayfield, wani tsohon gida na zamanin haƙar kuza, bayan dogayen itatuwa. Matan unguwa suka ce an kai Zubairu gidan mahaukata. Na ce da su ai da sauran gado, in suna so in yi musu hanya.

Ranar Asabar ake ziyara. Asabar ta farko na same shi cikin bargo biyu yana karkarwa, hanci na zuba, ya yi amai har ya gaji. Ya ce ƙasusuwansa ake sara. Ya roƙe ni in samo masa ko ƙwaya ɗaya, da na ƙi ya zage ni tas, har da cewa ɗinkina ma ba ya zama a jiki. Wannan ta yi mini zafi, don ni tela ce kuma na san hannuna. Likitan ya ce in yi haƙuri, jiki ne ke neman abin da ya saba, zai wuce. Ya kuwa wuce a hankali. A mako na huɗu ya cinye abin da na kawo har ya suɗe kwano. A na shida kumatu suka fara dawowa. An ba su fili a bayan gida suna noman kabeji da karas, ga Zubairu da bai taɓa riƙe fartanya ba yana yi mini bayanin taki kamar shi ya ƙirƙiro shi. Da hantsi sukan zauna a da'ira, su goma sha wani abu, kowa ya faɗi abin da ke cinsa. Yayana da ba ya haɗa jimla uku a gida, a can aka ce har sai an ce masa ya bar wa wasu.

Abincin da nake kai masa kuwa ba ni ke dafawa ba. Kowace Asabar Dada na idar da sallar asuba take ɗora dambu, da zogale da man shanu, daidai yadda Hajja ke yi masa. Ta dama fura ta zuba a jarka. Sannan ta yafa mayafi ta ce za ta raka ni, wai zaman gida ya ishe ta. Mu hau keke tare har bakin ƙofar cibiyar. Nan za ta ja ta tsaya ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kusa da mai gasa masara, ta ce, "Shiga ke, ni iska zan sha." Shingen wurin na itace ne, akwai ɓaraka. Awa biyu nake yi a ciki, awa biyu tana shan iska ta ɓarakar nan. Ta kuma sa na rantse ba zan gaya masa ba.

Idan na fito ba ta tambaya ta yadda yake. Sai mun hau keke ta ce, "Bargunan wurin nan kamar ba su da kauri." Ko ta ce, "Mutumin kamar yana ɗingishi." Asabar mai zuwa sai in ga rigar sanyi a cikin ledar, ko man zafi.

Mai kula da shi a cibiyar ita ce Madam Taibat, Bayarabiya, shekararta biyu da zuwa daga Ibadan. Mace ce mai kirki, mai son aikinta, kullum da fayil a hammata. Hausarta irin ta kasuwa ce, ta ce wa mace "ya", ta ce wa namiji "ta", amma tana isar da saƙo. Ita aka tura ta ga gidanmu, ta kuwa je wata Laraba ina shago. Da yamma Dada ta ce mini, "Wata baƙuwa ta zo da tambayoyi, na ba ta fura." Ban kawo komai a raina ba.

Asabar ta ƙarshe, saura kwana biyu a koma kotu, Madam Taibat ta tare ni kafin in ga Zubairu, ta ja ni ofishinta ta rufe ƙofa.

"Murjanatu, akwai matsala," ta ce. "Na rubuta ma kotu gidanku bai dace ba. Mama ba ya son wannan yaro."

Na ce, "Wace Mamar?"

Ta buɗe fayil ta karanto mini yadda suka yi. Ta tambayi Dada, Zubairu ɗanki ne? Dada ta ce ɗan Hajja ne. Ina Hajjar? Ta rasu. Kina son ya dawo gidan nan? Dada ta dubi ƙasa ta ce gidan ubansa ne, wa zai hana shi. Kina kewarsa? Dada ta rufe baki da mayafi ta ce, me zan yi da shi? Da aka ce ta faɗi cikakken sunansa a cike takarda, sai ta miƙe ta ce tukunyarta na ƙonewa.

"Kuma wata uku bai zo ya gan shi ba ko sau ɗaya," in ji Madam Taibat. "Na duba littafin baƙi."

Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta juye ta zama ɓacin rai. Na ce, "Madam, da kin tambayi ko mai gadin ƙofarku ai da ya gaya miki. Ɗan fari ne! A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. In kika ji ta ce me za ta yi da shi, to shi ne ranta." Na ja ta taga na nuna mata bishiyar mangwaro. Ga Dada can tsaye, ta kafa ido a ɓarakar shinge. "Asabar goma sha biyu ke nan tana wurin nan."

Madam Taibat ta dafe kai. "Ya Allah. A wurinmu ɗan fari shi ne uwa yana ɗauka a kai, da sunanshi ma ake kiran uwar. Ni na ga kamar ƙiyayya ne." Idanunta suka kawo ruwa, har na ji tausayinta. Ta ce takardar ta riga ta tafi, amma za ta tashi a gaban kotu da bakinta ta ce ta yi kuskure. Na fara sauke ajiyar zuciya, sai ta riƙo hannuna.

"Ba maganar Mama kaɗai na rubuta ba. Shi ma Zubair ta faɗa, kuma ta yarda in sa a takarda. Je ki tambaye shi."

Na same shi a bayan gida yana wanke fartanya. Ya yi kyau, wallahi, ya koma yayana na da. Na tambaye shi me ya gaya wa mutanen nan.

"Gaskiya na faɗa," ya ce, bai ɗago ba. "Murja, na san al'ada ce, ba yaro ba ne ni. Da Hajja na nan ban taɓa damuwa ba. Amma tun da ta tafi, in shiga gidan nan in fita, babu mai ce mini ka dawo. Sai in kwanta a ɗakin ina tunani, shin kunyar ce, ko kuwa an sami inda za a ɓuya ne? Yanzu ga shi na ƙara jawo mata abin faɗa a unguwa. In na koma cikin shirun nan na san kaina, wata ɗaya ba zan yi ba."

Na karya rantsuwata nan take, Allah ya yafe mini. Na gaya masa wa ke dafa dambun, wa ya sayi rigar sanyin da ke jikinsa, da wanda ke tsaye a bakin ƙofa yanzu haka. Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai tela ce, har magana kin iya ɗinkawa." Na ja shi da ƙarfi zuwa shinge. Dada ta hango mu tafe, kafin mu isa ta yi layar zana. Babu kowa a ƙarƙashin mangwaron sai mai masara yana fifita wuta. Zubairu ya dafa kafaɗata ya ce, "Na gode da ƙoƙari," ya koma wurin fartanyarsa.

A bakin titi na same ta, ta ɓuya bayan wata motar haya. Ban ce mata komai ba har muka isa gida, don na san idan na buɗe baki a keke direban zai sha labari. Ta zauna tana tsintar wake, na tsaya a kanta.

"Dada, jibi sai kin yi magana a kotu."

"Ke ba ki da baki ne?"

"Nawa ya gaji da ji. Naki ake nema." Na zayyana mata komai, har abin da ya faɗa a bayan gida.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Can ta ce, "A gaban mutane? Da girmana? Me dangin ubanku za su ce, Fadimatu ta tsufa ta zubar da kunya?"

Nan raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa faɗa mata ba. Na ce dangin uban namu wa ya taka ya je ya gan shi? Na ce idan aka kai shi inda aka kai Adnan, sai ta dafa kunyar ta kai masa ranar ziyara. Ina rufe baki na yi da-na-sani.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗago ta dubi ɗakin Hajja ta ce, "Kina ganin daɗi nake ji? Ranar da aka yaye shi, yana ɗakin can yana kuka har muryarsa ta dushe, ni ina nan, nono na zuba ya jiƙa mini zane. Tsakar gidan nan taku nawa ce? Ban isa in tsallaka ba. Haka aka yi wa uwata, haka na tarar." Ta mayar da kai kan wakenta. "Shekara talatin ina riƙe bakina, Murjanatu. Ban san ta inda ake sakinsa ba."

Na zauna na taya ta tsintar waken. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Ranar Litinin aka tashi da yayyafin nan na Agusta da ba ya jiƙa mutum sai ya gama shiga ƙashinsa. Dada ta riga ni shiryawa. A kotu ta zauna a bencin ƙarshe, ta ja mayafi har goshi. Madam Ana ma ta zo, an cire mata ɗaurin hannu, ta matsa ta zauna kusa da ita.

Madam Taibat ta cika alkawari. Ta tashi ta ce Zubairu ya yi wata uku fitsarinsa fes, ya ƙara kilo tara, jijjigar ba ta sake dawowa ba. Sannan ta ce abin da ta rubuta a kan mahaifiyarsa kuskurenta ne, ba ta san al'adar ba. Mai shari'a ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ni a cikin Fulani na girma, can wajen Bokkos. Da kin kawo mini tambayar da na rage miki wahala." Aka yi 'yar dariya. Na ce a raina shi ke nan, mun tsallake.

Sai mai shari'a ta juya shafi, fuskarta ta canza. "Amma ga maganarka a nan, Zubairu. Ka ce ba ka ganin za ka iya zama a gidan. Cibiya ba za ta ƙara riƙe ka ba, akwai masu jiran gadon. Hanya biyu ce gare ni, gida ko gidan yari. Ba zan tura ka inda kai da kanka ka ce za ka koma wa ƙwaya ba. Me ka ce?"

Ya miƙe, hannayensa a baya. "Ranki ya daɗe, mahaifiyata mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa cuta ta ba. Amma na gaji da zama inda ake jure ni. Na ba ta kunya da yawa. Gara in yi shekara biyun, ta huta."

Na ji kamar in tashi in kwaɗa masa mari, wawan yayana. Mai shari'a ta dube shi, sannan ta ɗauki biro.

"Zubairu."

Daga bayana muryar ta fito, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na juya. Dada ce a tsaye, babu wanda ya kira ta. Mayafin ya zame ya faɗa kafaɗa, ba ta gyara ba. Ɗan sandan kotu ya yunƙura zai hana ta, mai shari'a ta ɗaga masa hannu.

Ba alƙaliyar take kallo ba, shi take kallo, ido cikin ido. "Asabar ta farko ba ka fito ba. Ta uku ka fito da riga a bai-bai, babu wanda ya gaya maka. Ta biyar ka taka wani abu a gonar can, ka yi ɗingishi da ƙafar hagu. Ta shida aka yi maka aski, ba a yi shi da kyau ba. Ta tara na ji dariyarka, rabona da ita tun Hajja na da rai, sai da na riƙe bishiyar nan." Madam Ana ta tallafe ta ta gefe. "Ba jure ka nake yi ba. Ni na haife ka, ba Hajja ba. Zubairu, ka zo mu tafi gida."

Yayana, ƙato mai gemu, ya durƙushe a inda yake ya rufe fuska da rigar sanyin nan yana kuka kamar ranar yaye. Ni kam ba a magana. Madam Taibat ta jiƙa fayil ɗinta da hawaye. Mai shari'a ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa, sannan ta ce, "Ina jin kotu ta sami amsarta," ta rubuta abin da za ta rubuta.

Yau wata bakwai ke nan. Kowace Alhamis yana zuwa cibiyar. Ba a ba shi izinin tuƙi ba tukuna, don haka yana taya Madam Ana a teburinta, shi ke sauke buhunan dankali tunda hannunta bai gama ƙwari ba, kuma ya dame ta da bayanin kabeji. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. A wata na huɗu ya zame sau ɗaya, ya kai kansa wurin Madam Taibat tun kafin gwaji ya tona shi, aka sanar da kotu, aka ƙara masa zama sau biyu a mako. Yanzu shi ke bin Adnan bayan tasha yana lallashinsa ya je a duba tarin nan. Sunan kuwa, ban sake jin Dada ta faɗe shi ba, kuma dangin Baba sun yi surutunsu sun gaji.

Amma abin da na fi riƙewa shi ne yammacin ranar da muka dawo daga kotu. Ya shiga ɗakin Hajja ya zauna a bakin ƙofa, yana kallon tsakar gida kamar baƙo. Dada ta tuƙa tuwo ta kwashe, ta zuba miya, na ga ta tura tsoka biyu ƙarƙashi. Ta ɗago ta ce, "Murjanatu, ki gaya wa…"

Na riga na miƙo hannu zan karɓa. Sai ta fasa ba ni. Ta dubi kwanon, ta dubi tsakar gidan da ruwa ya jiƙa. Ta miƙe da kwanon a hannunta, ta taka a hankali, ina ƙirgawa, taku bakwai ne. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta buɗe masa murfin.

"Ci," ta ce, "kada ya huce."